Da me yaranmu za su gina filin dagarsu: yumɓu ko farin soso?

Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa yaro ba ya jiran a saya masa abin wasa. Da gwangwanin madara da waya da tsohon silifa yake ƙera mota, da laka yake gina gida da rumbu, idan kuwa dara ce, ramuka kawai za a haƙa a ƙasa a zuba tsakuwa. To amma yanzu wayar hannu ta kwashe wannan aiki, yara sun koma yaƙi a kan gilashi da PUBG da Free Fire. Shi ya sa nake goyon bayan duk malami ko matashin da ya ce zai dawo da su kan tebur, su gina tuddai da kwari da rafi da ganuwa da hannunsu, su jera runduna biyu su gwada dabara. Abin tambaya a nan shi ne, da me za a yi ginin? Ni a ganina, mu koma ga yumɓu da tsohuwar takarda da garin katako, mu rage dogaro da farin soson nan da ake kunshe talabijin da firji a ciki, wanda Turawa ke kira sitairofom.

Wannan wasa yana da tarihi, kuma tun farkonsa batun kayan gini ya taso. A 1811 wani mutumin Jamus mai suna Reisswitz ya nuna wa 'ya'yan sarkin Furusiya wasan yaƙi a kan tebur da aka cika da jiƙaƙƙen yashi. Da aka ce ya kawo wa sarki, sai ya ga yashi ba zai ɗauku ba, don haka a 1812 ya zo da ƙananan fale-fale da aka zuba da filasta, kowane da siffar tudu ko kogi ko ƙauye, ana harhaɗa su yadda ake so. Ɗansa ya gyara wasan a 1824 ya mayar da shi kan taswira, har rundunar sojan ƙasar ta ɗauke shi don horar da hafsoshi. A Ingila kuwa, marubuci H.G. Wells ya fito da dokokin irin wannan wasa a 1913, sannan kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer a 1983, wanda ya yaɗa shi a duniya.

Mu a nan Kumasi muna da namu labarin da ya cancanci a ɗora a kan tebur. Gidan sojan da Turawan Ingila suka kammala a 1897, wanda yanzu ya zama gidan tarihin soja, shi ne Yaa Asantewaa da mayaƙan Asante suka yi wa ƙawanya a 1900, bayan Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya. Sun tare hanyoyin shiga gari da shingayen manyan itatuwa, gwamna ya fice a watan Yuni, ɗauki bai iso ba sai tsakiyar Yuli. A cikin waɗanda aka rutsa har da sojojin Hausa da ke aiki ƙarƙashin Turawa. Tun 2019 aka dawo da darasin tarihi a makarantun firamare na Ghana, ga kuma darasin fasahar hannu. Yaron da ya gina wannan gida da hanyoyinsa da shingayen ba zai manta da dalilin da ya sa yunwa ta kusa gamawa da na ciki ba. Iyayen da ke ƙyamar mutum-mutumi su kwantar da hankalinsu, domin tudu da rafi da katanga ake ginawa, runduna kuwa marfin kwalba ya isa. Shi kansa ɗan Reisswitz da 'yan guntayen dalma masu launin ja da shuɗi ya yi nasa.

Matsalar ita ce matasanmu suna kallon bidiyo a YouTube, su ga Bature yana yanka soso da zazzafar waya, su ce su ma haka za su yi. Abin da ba su lura ba shi ne, soson da Bature ke amfani da shi wani iri ne mai tauri, shuɗi ko ruwan hoda, wanda ake sa wa a bangon gida don tare sanyi, shi ya sa yake da sauƙin samu a can. Namu kuwa na kwali ne, ƙananan ƙwayoyi ne aka manne, da ka sa masa wuƙa sai ya yi ta marmashewa. Fentin fesawa yana narkar da shi, haka ma gam mai warin fetur. Idan aka sa masa wuta ko zafin ƙarfe, hayaƙinsa yana ɗauke da sinadarin sitairin, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2018 cikin abubuwan da ake da zato mai ƙarfi suna jawo cutar. Mai karatu ya auna aji mai cike da yara, taga ɗaya, ana wannan aiki.

Sannan ina marmashin zai tafi? Iska ce za ta kwashe shi zuwa kwata, daga kwata sai rafin Aboabo ko Subin, mu kuma mu kwana muna kwalfar ruwa daga ɗakunanmu idan damina ta kankama. A watan Yunin 2025 Shugaba John Mahama ya bayyana aniyar gwamnati ta hana shigo da wannan soso da sarrafa shi a ƙasa. Bai kamata mu koya wa yaro sana'a da kayan da ƙasa ke neman rabuwa da shi ba.

Masu iya magana na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Pankrono na nan a kan hanyar Mampong, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane. A Sokoban da Ahwiaa, inda kafintoci da masassaƙa ke aiki, garin katako tsibi yake. Tsofaffin jaridu da kwali suna ko'ina, sitacin rogo kuma babu kasuwar da ba a samunsa. Ga yadda za a raba aikin: gindi a yi shi da falankin katako ko kwali mai kauri. Tudu a tayar da shi da dunƙulen takarda a rufe da ragar waya, sannan a shafe da jiƙaƙƙiyar takarda da aka kirɓa da garin katako da dafaffen sitaci. Idan ya bushe yana da tauri, ga shi ba nauyi. Gidaje da ganuwa da rijiya kuma a gina su da yumɓu, domin shi ke karɓar zane da kyau. Yashi da jar ƙasa da aka tankaɗe su za a barbaɗa a kan gam don hanya da fili.

Na san masu son soso za su ce yumɓu yana da nauyi, yana kuma tsagewa, takarda da sitaci kuwa abincin kyankyaso da ɓera ne, ga fumfuna a garin da ke da damina biyu. Duk gaskiya ne, amma kowanne da maganinsa. Yumɓu yana tsagewa ne saboda yana tsukewa idan ruwa ya fita, shi ya sa magina tukwane ke haɗa shi da yashi ko dakakken tsingaro, magina soro kuma ke cuɗa ƙasa da ciyawa. A busar a inuwa sannu a hankali, kada a kai rana. Sitaci a sa masa gishiri, a shafa shi siriri-siriri, a bar kowane shafi ya bushe, a ƙarshe a rufe da fenti da banish. Aikin ya fi kyau a lokacin hunturu. Batun nauyi kuwa, a bi dabarar Reisswitz, a yi fili guntu-guntu yadda yaro zai iya ɗauka ya jera a kan kanta.

Idan har soso ya riga ya shigo hannu, gara a binne shi a cikin tudu a matsayin ciko da a jefa shi a bola. Amma a yanka shi da wuƙa mai kaifi, babba ne zai yanka, a share marmashin a ɗaure a leda, kuma kada wuta ta kusance shi. Filasta irin ta silin ma tana da amfani wajen zuba duwatsu, sai dai tana ɗaukar zafi lokacin da take daskarewa, saboda haka kada a bar yaro ya tsoma hannu a ciki.

Kirana ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin matasa na Aboabo da Asawase da Sabon Zango shi ne, kafin a sayi komai a tambayi kai abu huɗu: wa zai taɓa shi, ina za a ajiye shi, nawa zai ci, kuma ina zai ƙare idan ya lalace. A ɗauki yara a kai su gidan tarihin soja su auna da idonsu, a gayyato mai ginin tukwane ta nuna musu yadda ake kwaɓa yumɓu, a biya ta haƙƙinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya iya gina ƙaramin gari a kan tebur, shi ne gobe zai gane inda ya kamata kwatar unguwarsu ta bi. Allah Ya sa mu dace.