Zuwa Ga Masu Ƙera Wasannin Bidiyo: Kada Hannu Ya Ƙaryata Labari



Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani aibi da ya zama ruwan dare a wasannin da ke haɗa faɗa da labari, har a cikin fitattunsu. Mai kallon fim ido kawai ya zuba, amma mai wasa yatsunsa na kan madanni na tsawon sa'o'i, kuma abin da yatsun suka aikata shi ne gaskiya a wurinsa. In labari ya ce gabas hannu ya ce yamma, hannun zai bi.

Ku dubi The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015 bisa littattafan Andrzej Sapkowski, aka sayar da kwafi sama da miliyan 50. Ƙarfinsa yana cikin yadda makomar Ciri, 'yar riƙon Geralt, jarumin wasan, ta rataya a kan ƙananan abubuwa: ko ya yi wasan jifa da dunƙulen ƙanƙara da ita lokacin da ranta ya ɓaci, ko ya bar ta ta shiga gaban matsafa ita kaɗai, ko ya karɓi lada daga hannun sarki mahaifinta. Ba a sanar da mai wasa cewa jarrabawa yake yi ba. Sai a ƙarshe ya gane cewa tarbiyya yake bayarwa tun farko.

Amma a wannan wasan dai, ana ce maka mahara na bin sawun yarinyar, sai ga Geralt ya share wuri a mashaya yana buga kartar Gwent, ko yana yawo a tekun Skellige yana tsintar akwatunan 'yan sumoga don kawai taswira ta cika da alamun tambaya. Ba a haɗa gudu da susar baya. Haka kuma ana kiransa gwanin farautar dodanni, sai wani ɗan fashin ƙauye ya kashe shi da sara ɗaya ko biyu, saboda lambar matakin ɗan fashin ta ɗara tasa. A nan lissafi ya kunyata labari.

Za ku ce 'yancin yawo shi ne daɗin irin wannan wasa, kuma wanda ya biya kuɗinsa yana son abin da zai daɗe yana bugawa. Gaskiya ne, ba kuma cewa ake a toshe hanya ba. Amsar ma tana cikin wasan: wani mutum da ake kira Bloody Baron ya ƙi faɗin abin da ya sani game da Ciri sai Geralt ya nemo masa matarsa da 'yarsa. Ratse ne mai tsawo, amma kowane taku yana da dalili, kuma labarin uban da ya rusa gidansa da giya da duka ya zama madubi ga uban da ke neman tasa 'yar. Haka ma a God of War na 2018, da Atreus, ɗan jarumin wasan, ya ji cewa shi jinin alloli ne sai girman kai ya shige shi, har yakan ƙi bin umarnin mai wasa ana tsakiyar faɗa. Taurin kan yaron a yatsa ake jin sa.

Wasu za su ce wannan sai kamfani mai jibgin kuɗi. Hades na 2020 ya rushe wannan uzuri, domin ma'aikata kusan 20 ne suka yi shi a Supergiant Games. Duk lokacin da aka kashe Zagreus, jarumin wasan, sai ya koma gidan mahaifinsa, ya tarar da sabuwar hira, labari ya ƙara gaba. Faɗuwar mai wasa ita ce ta zama man da ke tura labarin.

Shawarata ita ce ku zaunar da marubuci da mai tsara faɗa a teburi ɗaya tun ranar farko. Kafin ku saki wasa kuma, ku kashe sauti, ku cire guntayen fim ɗin da ke tsakani, ku sa baƙo ya kalli wani yana bugawa na awa ɗaya. In ya iya gaya muku wane ne jarumin da abin da ke damunsa, aikinku ya nuna. In ya ce ya ga mai tsince-tsince ne kawai, ku mayar da shi tukunya.

Wassalam,
Naku mai bibiyar aikinku.