FILIN SANA'AR MATA: Idan Kifinki Ya Kwanta Ciwo

Yau dai mun ɗan jingine zancen kwalliya da girki, za mu leƙa bayan ɗaki inda ake kiwon kifi, musamman domin 'yan uwanmu na Bodinga da Shagari waɗanda kifi ba baƙonsu ba ne. Ga madatsar ruwan Shagari nan kusa, ga kuma hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa garuruwan biyu, mai saye ba ya wuya.

A ce yarinya ta kwashi adashenta, ta haɗa da ɗan abin da Inna ta ƙara mata, ta sayi 'ya'yan tarwada ta zuba a tankin roba. Wata biyu ana zaune lafiya. Ran nan da safe ta watsa abinci, shiru babu wanda ya taso, wasu sun yi tsaye cak a saman ruwa kai sama jela ƙasa, wasu suna ta goga jikinsu da bangon tanki. Me za ta yi? Abin da aka fi yi dai kin sani, a aiki ƙane kemis ya sayo kafso, a farke a zazzage a cikin ruwan gaba ɗaya. To 'yar uwa tsaya tukuna, kada garin neman gira a rasa ido.

Bari mu ari dabara daga wasu mutane da suka fi kowa tattalin kifi. A ƙasashe irin su Ingila, Amurka da Japan akwai masu ajiye kifin teku a cikin akwatin gilashi a falo, don sha'awa kawai, kamar yadda samarinmu ke kiwon tattabaru. Abin ya daɗe, domin tun a 1853 aka buɗe wa jama'a ɗakin kallon kifi a gidan namun dajin Landan. Ruwan da suke zubawa sai sun haɗa shi ya yi daidai da na teku, wato gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Kuma ba kifi kaɗai ke ciki ba, akwai jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi da murjani. Ƙwarai kuwa, murjanin nan da kakanninmu ke ado da shi, asalinsa ƙashin wata halitta ce mai rai a teku. Su waɗannan su ake kira halittu marasa ƙashin baya.

Cutar da ta fi addabar masu wannan kiwo ita ce ta farin ɗigo, sai ki ga jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin fata ya yi ta ci, in ya ƙoshi ya faɗo ƙasan ruwa ya lulluɓe kansa, ya rarrabu ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito neman wani kifin. Magani ba ya samunsa sai lokacin da yake yawo a ruwa, shi ya sa jinyar ke ɗaukar makonni. Sanannen maganinsa kuwa wani ne mai sinadarin jan ƙarfe a ciki. Amma ga inda gizo ke saƙar: awon da zai warkar da kifi, shi ne zai kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani kaf, kuma duwatsu da yashin akwatin su tsotse shi su riƙa amayo shi daga baya.

Saboda haka dokarsu ɗaya ce, ba a zuba magani a babban akwati. Kowa yana da ɗan ƙaramin akwati a gefe, ba yashi ba ado, shi ne asibiti. Mara lafiya can za a kai shi, sabon kifi ma can zai fara sauka ya yi kamar mako huɗu ana lura da shi. Wannan ita ce dabarar da nake so ki riƙe, domin kifin ruwan daɗi ma yana da nasa farin ɗigon, yana da ƙuraje da ruɓewar jela da kumburin ciki.

Abu na farko, tuhumi ruwanki kafin ki tuhumi kifin, ai ruwa ba ya tsami banza. Kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse su ke ruɓewa su zama guba mai suna amoniya, ba kya ganinta da ido, amma tana ƙona wurin numfashinsu. Tarwada tana iya tasowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take jurewa har mai ita ta ɗauka komai lafiya. Idan kin ga ba su ci ba, ko ruwan yana wari ko kumfa, ki tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu, wallahi yunwar kwana biyu ba ta kashe su. Ki rage kamar rabin ruwan ki zuba sabo a hankali. In na famfo ne ki bari ya kwana a buɗe tukuna saboda kilorin.

Sannan ki yi la'akari da yanayin garinmu. Tarwada ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. A watan Maris da Afirilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ruwa mai zafi kuwa ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, don haka ki yi wa tankin rumfa ko da ta zana ce. Da hunturu kuma cinsu raguwa yake yi, in kika ci gaba da zuba awon da kika saba, kuɗinki kike ruɓarwa a ƙasan tanki.

Abu na biyu, ki tanadi asibitinki. Babbar roba ɗaya mai tsabta, wadda ba a taɓa wanki da ita ba, ta isa. Duk wanda kika ga ya ware kansa, ko da ƙurji, ko gashin bakinsa ya fara gutsurewa, ki tsame shi ki kai can, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wanda ya mutu kuwa ki cire shi nan take ki binne, tarwada tana cin 'yar uwarta, ta haka cutar ke zagaye su. Kwandon da kika kamo mara lafiya da shi kada ya koma babban tanki sai an wanke ya bushe a rana.

Abu na uku shi ne gishiri, kuma nan akwai abin mamaki. Su masu kifin teku sukan tsoma mara lafiya a ruwan daɗi na 'yan mintoci, ƙananan ƙwarin da ke manne a fatarsa su kumbura su saki. Mu kuma sai mu juya abin, namu na ruwan daɗi gishiri muke sa masa. A robar asibiti ki narka giram 2 zuwa 3 a kowace lita, wato jarka mai lita 20 za ta ci giram 40 zuwa 60, ki bar shi a ciki 'yan kwanaki kina sabunta ruwan da awon nan. Gishirin miya tsurarsa, ban da kanwa, ban da alif. Kuma ki narka shi a kofi kafin ki zuba. Ki tuna fatar tarwada sumul take ba ɓawo, magani mai ƙarfi saurin shigarta yake yi.

Abu na huɗu, hattara da kayan dam. Wata za ta ce bari a samo mata ƙananan kifi ko ciyawar ruwa daga masunta tunda arha ne. Duk abin da ya fito daga can asibiti zai fara sauka. Dodon koɗi kuwa, su can lallaɓa nasu suke yi, mu nan kada ki yarda ya shigo miki gida, domin wasu ƙananan na ruwan daɗi su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar nan mai sa yara fitsarin jini.

In kin gyara ruwa, kin ware, kin sa gishiri, amma mutuwa ba ta tsaya ba, to lokacin likitan dabbobi ya yi. Ki nemi na ƙaramar hukumarku, ko Yaya ya raka ki Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da tsangayar likitancin dabbobi. Ki tafi da kifi mai sauran rai da ɗan ruwan tankin a kwalba. In an rubuta magani ki tambayi kwana nawa za ki jira kafin ki sayar, saboda kifin nan cikin mutane zai shiga, watakila ma na ƙannenki. Zuba kafso barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da mutum zai buƙace shi sai ya ƙi aiki.

To 'yan uwa, nan za mu dakata. Wadda ke da tambaya kan awon abinci ko yadda ake rarraba manya da ƙanana ta rubuto, shi za mu tattauna a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutan gida.

Taku har kullum.