Ana Karrama Naga, Kogin Mekong Kuwa Yana Ramewa

Duk shekara wajajen Oktoba, a daren da farin wata ya cika kuma sufayen addinin Buddha suka kammala zaman damina, dubban mutane kan yi dafifi a bakin kogin Mekong, a lardin Nong Khai na ƙasar Tailan. Jajayen dunƙulen wuta suke jira su gani suna tasowa daga ruwa. A imaninsu, Phaya Naga ne ke feso su, wato sarkin macizan da ke ƙarƙashin kogin.

An daɗe ana gardama a kan asalin wutar. A 2002 tashar talabijin ta iTV ta ce sojojin Lawos ne ke harba harsasai masu haske daga tsallaken kogi, jama'ar yankin kuwa suka fito zanga-zanga. Wani sanannen hoto na sojojin Amurka rungume da "sarauniyar Naga" ma, dogon kifin teku ne da aka tsinta a Kalifoniya a 1996.

Duk da haka martabar Naga ba ta ragu ba. Siffarsa ce ke gadin matakalar gidajen ibada. A Vientiane, babban birnin Lawos, ana cewa wani Naga mai kai bakwai na kwance a ƙarƙashin tsohon ginin That Dam yana tsare birnin. A 2022 gwamnatin Tailan ta sa shi cikin alamomin ƙasa, a 2023 kuma UNESCO ta shigar da saƙar Naga ta matan Lawos cikin kayan gadon duniya.

Abin takaicin shi ne halin da gidan nasa, wato kogin Mekong, ke ciki. A 2019, shekarar da madatsar Xayaburi ta fara aiki a Lawos, ruwan ya janye ƙwarai, har launinsa na ƙasa-ƙasa ya koma shuɗi a wasu wurare don rashin laka mai ciyar da gonaki. Ƙaton kifin Mekong, irin wanda aka kama mai kilo 293 a 2005, yana dab da ƙarewa.

Gwamnatin da ta ɗaukaka Naga ya kamata ta kula da masunta da manoman da suka riƙe labarinsa tun kaka da kakanni. Tailan ce ke sayen mafi yawan lantarkin Xayaburi, saboda haka tana da ikon gindaya sharuɗɗa a kan sakin ruwa da hanyar wucewar kifi, tun kafin a kammala sabuwar madatsar da ake ginawa kusa da Luang Prabang.