Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jagororin Tafiyar Ƙasa Na Nguru Da Gashuwa

Wannan wasiƙa ta shafi masu yi wa baƙi jagora a tafiyar ƙasa ta kwana da kwanaki, ko daga dausayin Nguru zuwa Dagona, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka da hunturu, ko daga Gashuwa zuwa tuddan rairayi na Tulo-Tulowa a ƙasar Yusufari.

A manyan duwatsun Faransa da Italiya matafiyi yakan kwana a ɗakunan da aka gina dominsa a bisa hanya, amma a nan zango, wato inda ayari ke sauke kaya ya kwana, gidan mutane ne da rijiyarsu, don haka babban jarin jagora shi ne mutuncinsa a wurin bulama, wato shugaban ƙauye. Fataken da suka yi safarar kanwa kafin jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 suna da jagaba, mutumin da ke shige gaba ya nemi masauki, kuma wayar hannu ba ta ɗauke wa kowa wannan ladabi ba, domin saukar da baƙi a ƙofar talaka da magariba ba tare da sanarwa ba ɗora masa nauyi ne.

Ruwa ne ke yanka zango, sai kuma ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a ayarin. A cikin tuddai ana tashi da asuba, tun rairayi yana da sanyi, a bi gadon tudu, idan hantsi ya dubi ludayi har ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa, a gangara kwari a fake ƙarƙashin goruba sai la'asar. Ruwan wasu kwaruruwan yana da kanwa mai ɓata cikin baƙo, saboda haka jagora ya ɗanɗana kafin a cika jarka. A dausayi kuwa ciyawar kachala tana toshe magudana ta karkatar da ruwa, har hanyar bara ta nutse bana, kuma masunta ne ke da labarin wannan.

Dagona tana cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, shigarta sai da izinin ma'aikatansa. Ana roƙon kowane jagora ya sanar da hukuma hanyarsa kafin tashi, ya kuma sallami mai masauki da hannunsa kafin ayari ya ɗaga.