Gawar Ƙwaro Takin Lambu Ce

Ka sani ya mai karatu, a gabashin ƙasar Amurka akwai wani ƙwaro mai tsananin kuka a kan itatuwa, Turawa suna ce masa sikada. Al'amarinsa abin mamaki ne. Yana zaune cikin ƙasa shekara 13, wani irinsa shekara 17, yana tsotson ruwan saiwar itace. Idan wa'adinsa ya cika sai ya fito a wata ɗaya, rundunar da ba ta ƙidayuwa, ya tuɓe ɓawonsa, ya yi barbara, matan su zuba ƙwai cikin ƙananan rassa. Bayan mako huɗu ko shida sai ya mutu. A shekarar 2021 ya fito a Washington da kewayenta. A 2024 kuwa masu shekara 13 da masu 17 suka fito tare, har suka yi maƙwabtaka a jihar Illinois, alhali rabon da waɗannan rundunoni biyu su yi haka tun 1803.

To, gawarsa tana taruwa a gindin itatuwa, mutane da yawa suna sharewa su zuba a bola. Lalle wannan almubazzaranci ne. Jikin ƙwaron nan cike yake da naitrojin, wato sinadarin da manomi ke biyan kuɗi domin ya samu cikin takin zamani. Abin da ya tsotsa a saiwa shekara 17, shi yake mayarwa ƙasa ran mutuwarsa. Ramukan da ya fito kuma suna buɗe wa iska da ruwa hanya.

Mai musu zai ce, ai tana wari. Gaskiyarsa. Amma kashin shanu ma yana wari, ba a taɓa jin manomi ya ƙi shi ba. Maganin warin shi ne a gauraya gawar da busasshen ganye a ramin taki, a riƙa juyawa, ko a binne ta a kunya a rufe da ƙasa.

Sharaɗi ɗaya ne: kada a fesa masa guba. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya cin ganye kamar fara. Wanda ya fesa ya ɓata takinsa, ya kuma cuci tsuntsayen da ke cinsa. Mai tsoron ɓarnar ƙananan itatuwansa ya rufe su da raga har lokacin ya wuce.

Mai lambu da ya tsallake wannan taki ya tafi kanti da kuɗinsa, ya mance kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Haza wassalam.