Sa Hannu Ta Na'ura A Ofisoshin Gure: Idan Lambar Sirri Ɗaya Ce, Wa Za A Kama?

A watan Afrilun 2024 ne hukumomin mulkin soja na Jamhuriyar Nijar suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi baki ɗaya, suka kuma naɗa kantomomi su riƙe ragamar da a da take hannun zaɓaɓɓun magadan gari. Gundumar Gure da ke jihar Damagaram, mai ƙananan hukumomi shida, wato Gure da Alakos da Bune da Gamu da Gidigir da Kelle, ita ma sauyin bai tsallake ta ba. An sha muhawara kan siyasar matakin, to amma akwai wani ɓangare nasa da ya kamata mu tsaya mu duba. A al'ada, ranar miƙa aiki ana miƙa makullai da hatimi da littattafan lissafi da mota, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Abin tambaya shi ne, yanzu da aikin ofis yake ƙara komawa cikin kwamfuta, wa yake karɓar lambar sirri, wa kuma yake tabbatar da cewa ta wanda ya sauka ta daina aiki?

Tambayar ta shafi duk wani ofis, na gwamnati ne ko na kasuwa, da ke shirin barin biro da takarda ya koma sa hannu ta na'ura. Ra'ayinmu shi ne, sa hannu ba shi da wata daraja sai idan yana nuna mutum guda da za a iya kira a tambaya. Matuƙar ma'aikata uku ko biyar suna shiga manhaja da suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, to kuɗin da aka kashe wajen sayen manhajar asara ce.

Ta fuskar doka dai Nijar ba ta makara ba. Tun a shekarar 2002 ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta fitar da ƙa'idar biyan kuɗi wadda ta amince da rubutu da sa hannu na na'ura a matsayin hujja. A 2010 dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta buɗe ƙofar amfani da takardun na'ura wajen rajistar kasuwanci. A 2019 kuma ƙasar ta yi tata dokar kan mu'amaloli ta hanyar na'ura, sannan a shekarar ce ta yi dokar hukunta laifuffukan intanet. A maƙwabciyarta Nijeriya ma, dokar shaida ta 2011 ta karɓi irin wannan sa hannu a gaban kotu. Sai dai ƙa'idar ta UEMOA ta gindaya sharuɗɗa biyu da ya kamata kowane shugaban ofis ya haddace: dole a iya gane mutumin da rubutun ya fito daga gare shi, dole kuma a adana rubutun ta yadda ba za a sauya shi ba. Lambar sirrin da kowa ya sani tana rusa sharaɗi na farko tun kafin a je ga na biyu.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake aiki, domin da yawa suna ɗaukar cewa hoton sa hannun shugaba da aka ɗauka aka liƙa a ƙasan takarda shi ne sa hannu na na'ura. Wannan hoto ne kawai, duk wanda ya samu zai iya liƙa shi inda ya ga dama. Sa hannu mai ƙarfi yana tafiya da makullai biyu na lissafi. Ɗaya ɓoyayye ne, yana hannun mai shi kaɗai, a cikin kati ko waya ko ɗan ƙaramin abin da ake sokawa a kwamfuta. Ɗayan a bayyane yake, da shi kowa zai iya tantancewa. Idan mutum ya sa hannu, na'ura tana ƙulla makullinsa da abin da takardar ta ƙunsa, ta yadda ko sifili ɗaya aka ƙara a kan adadin kuɗi daga baya, asiri zai tonu. Sannan akwai wata hukuma ko kamfani da ke ba da shaidar cewa makullin nan na wane ne. Duk ginin nan a kan abu guda ya tsaya, wato ɓoyayyen makullin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ranar da aka ajiye shi a aljihun tebur, aka rubuta lambarsa a jikin kalanda don kada sakatare ya manta, na'ura za ta ci gaba da shaida cewa wane ne ya sa hannu, ko da kuwa a ranar yana kwance a asibiti.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa ishara. A watan Fabrairun 2018 bankin Punjab National Bank na ƙasar Indiya ya bayyana zambar da ta kai kimanin dala biliyan 1.8 a reshensa guda da ke birnin Mumbai. Masu bincike sun ce wani mataimakin manaja ya riƙa ba wasu mutane lambar sirrinsa ta tsarin SWIFT, wanda bankuna ke aika wa juna saƙon kuɗi da shi, aka kuma shafe shekaru ana aika takardun lamuni ba tare da sun shiga babban littafin bankin ba. A ƙasar Malawi kuwa, a 2013 aka bankaɗo satar da aka yi ta cikin manhajar biyan kuɗin gwamnati. Kamfanin binciken kuɗi na Baker Tilly ya gano cewa kimanin dala miliyan 32 sun salwanta cikin wata shida, inda ake shigar da biyan bogi, a fitar da kuɗin, sannan a goge sawun daga cikin na'ura. Ƙasashe masu ba da agaji suka dakatar da tallafinsu ga kasafin kuɗin ƙasar, talaka ya ji a jikinsa. A wurare biyun akwai na'urori masu tsada, abin da aka rasa shi ne tsaron ƙofar shiga. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To amma wani hanzari ba gudu ba, rashin adalci ne a ɗora laifin duka a kan ma'aikaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu dubi yanayin da ake aiki a gari irin Gure. Tsakaninsa da Damagaram ya haura kilomita 150 a kan hanyar Difa, tsakaninsa da Yamai kuwa ya haura kilomita 1,000. Idan aka kira shugaban ofis taro a Damagaram, ya tafi ke nan na yini biyu ko uku; idan Yamai ce, mako ya tafi. Mu ɗauka a ranar wani makiyayi ya taso daga wani ƙauye na Kelle yana neman takardar haihuwar ɗansa don jarrabawa, ko ɗan kwangila yana jiran a biya shi ya sallami leburori. Manhajar da aka kawo ta san mutum ɗaya ne tak, ba ta kuma da wurin wakilci. Me mataimaki zai yi? Zai buga waya ya ce, "Ranka ya daɗe, mutane sun taru," shi kuma shugaban, don kada a ce ya tsayar da aikin jama'a, sai ya karanto lambar. Daga ranar ta zama ta ofis.

Akwai kuma maganar kuɗi. Yawancin kamfanonin da ke sayar da irin wannan manhaja a duniya suna caji ne a kan kowane mai amfani, duk wata ko duk shekara, da dala ko yuro. Ƙaramar hukumar da ke dogaro da harajin kasuwa da na dabbobi, ko asibitin karkara, ko reshen wata ƙungiyar manoma, idan aka ce su biya wa mutum shida, sai su biya wa ɗaya su raba. Ga matsalar wuta da layin sadarwa: mun ga yadda ƙasar ta shiga duhu lokacin da Nijeriya ta katse wutar lantarki a watan Agustan 2023 saboda takunkumin ECOWAS, wanda sai a Fabrairun 2024 aka ɗage shi. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi, a irin wannan wuri tana tilasta a tara aiki a ba wa duk wanda layi ya samu yana kusa da kwamfuta. Ga kuma yawan sauye-sauyen wuraren aiki, inda sabon ma'aikaci kan iso ya tarar ba a buɗe masa suna ba, sai ya ci gaba da na wanda ya gada.

Abin mamaki shi ne, tsohon tsarin takarda ya riga ya warware wannan matsala tun da daɗewa. Hatimi na ofis ne, sa hannu na mutum ne. Idan shugaba ba ya nan, mataimaki yana sa nasa hannun, ya rubuta sunansa, ya nuna cewa da umarni ya yi ko riƙo yake yi, sannan ya buga hatimin ofis. Duk wanda ya ɗauki takardar bayan shekara goma zai san wanda ya yi da kuma ikon da ya yi da shi. Haka nan a tsarin kuɗin gwamnati da Nijar ta gada daga Faransa, mai ba da umarnin kashe kuɗi daban, ma'ajin da ke biya daban, don ɗaya ya zama birki ga ɗaya. Lambar sirri guda tana haɗe mutanen biyu su zama ɗaya ba tare da an soke ko layi guda na doka ba. Ke nan abin da muke nema daga masu ƙera manhaja da masu sayo ta bai wuce su mayar da wannan tsohuwar hikima cikin na'ura ba.

Na farko, a bar ofis ya riƙe kwamfuta ɗaya da akwatin aiki ɗaya idan ƙarfinsa ke nan, amma a daidai lokacin sa hannu manhaja ta nemi shaidar mutum: lambar da za ta shigo wayarsa, ko katinsa, ko zanen yatsansa. Mutanenmu sun saba da hakan, domin duk wanda ya taɓa karɓar aike a kamfanonin tura kuɗi irin su Nita ko Al Izza ya san sai da lamba da katin shaida ake ba shi.

Na biyu, wakilci ya zama wani sashe na manhajar. Shugaba ya iya ba mataimakinsa iko daga ranar kaza zuwa ranar kaza, a kan takardu iri kaza, da iyakar kuɗi kaza, sunan wakilin ya fito ɓaro-ɓaro a jikin takardar, ikon kuma ya mutu da kansa idan wa'adi ya cika. Idan wakilci na halal ya yi sauƙi, buƙatar aron lamba ta ragu.

Na uku, manhajar ta iya aiki ba layi, ta adana sa hannu da lokacinsa, ta aika idan layi ya dawo. Littafin da ke rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa kuma ya kasance ba mai iya gogewa, ko da mai kula da na'urar ne, a kuma ajiye kwafinsa a wani wuri daban. Darasin Malawi ke nan.

Na huɗu, a gyara farashi. Gwamnati, ta hannun hukumarta mai kula da harkokin fasahar zamani, za ta iya sayen lasisi a dunƙule ko ta gina tsarin ƙasa, ta yadda ƙara sunan ma'aikaci ba zai ci ƙaramar hukuma ko dala ba. Na biyar, takardar miƙa aiki ta samu sabon layi: an rufe sunan mai tafiya, an buɗe na mai zuwa, a ranar, gaban shaidu. Kada a amince da miƙa aikin da babu wannan layi a cikinsa.

Wasu za su ce a garin da ake fama da yashi mai binne gonaki da ƙarancin ruwa, wannan magana ta masu ƙoshi ce. Mu kuwa muna ganin talaka ta fi shafa. Takardar gona da ta haihuwa, da kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da gwamnati ta ɗauki nauyi tun 2006, da albashin malamin makaranta, duk a kan sa hannun wani suke tafiya. Ranar da aka samu matsala, idan sunan da ke cikin na'ura na kowa ne, mai ƙarfi zai ce ba shi ba ne, a ƙarshe ƙaramin akawun da ya fi kowa zama gaban kwamfutar shi zai kwana a ciki. Sa hannu na mutum guda kariya ce ga ma'aikaci mai gaskiya kafin ya zama tarko ga maras gaskiya.

Saboda haka muna kira ga hukumomin Yamai da na Damagaram da kada su auna ci gaba da yawan kwamfutocin da aka raba, su riƙa tambayar mutum nawa ne ke shiga da sunansa. Muna kira ga ƙungiyoyin agaji masu kawo manhajoji da su zo su zauna mako guda a ofis irin na Gure kafin su yanke yadda manhajar za ta kasance. Ma'aikata kuma su sani cewa ba da lambar sirri daidai yake da sa hannu a farar takarda a miƙa wa wani ya cike. Ba a fafe gora ranar tafiya, gara a yi gyaran tun yanzu da tsarin yake shigowa. Allah Ya sa masu abin su ji.