Redis Ba Sito Ba Ne: Masu Koyarwa, Ku Faɗa Wa Yara Gaskiya



Yau faɗa na zo yi, kuma da 'yan'uwana masu koyarwa nake. Kwanakin nan bidiyo ya yi yawa a kan yadda za ka kwashe bayanai daga GitHub ko GitLab ka zuba su cikin Redis "a minti biyar". A nuna maka inda za ka latsa, lambobi su yi ta gudu a fuskar kwamfuta, a ce shi ke nan ka gama. Babu mai tsayawa ya faɗa wa yaro a ina bayanan nasa suke kwana.

Bari in fara da wanda waya kawai yake riƙe da ita, don kar a bar shi a baya. GitHub da GitLab dandali ne da masu gina manhaja suke ajiye aikinsu. A nan inji yake gwada aikin, idan ya wuce a tura shi ga jama'a. Sabuntawar da kake gani a Play Store, sau da yawa ta irin wannan hanyar ta biyo. Kowane turi yana barin tarihi: wa ya tura, yaushe, gwajin ya wuce ko ya faɗi, minti nawa ya ci. Shi kuma Redis rumbun bayanai ne da wani ɗan Italiya, Salvatore Sanfilippo, ya fitar a 2009. Abin da ya sa ake rububinsa shi ne yana riƙe komai a cikin RAM.

RAM kuwa ka san shi. Wayarka mai RAM 4 da memori 64, hotunanka suna cikin 64 ɗin. RAM yana riƙe abin da ka buɗe yanzu ne kawai. Ka taɓa cika fom mai tsawo a burauza, ka leƙa WhatsApp ka ɗauko lamba, ka dawo ka tarar shafin ya koma fari fat? To halin RAM ke nan. Akwai sauri, amma da an ɗauke wuta ko wuri ya cika, sai ya saki abin da ke hannunsa.

Ni ban ce kar a zuba bayanai a Redis ba. Akwai dalili mai kyau. GitHub yana ƙayyade tambayar da manhajarka za ta yi masa: 5,000 a awa ɗaya idan da mabuɗin shiga, 60 kacal idan babu. Idan allon da oga yake duba aikin ma'aikata zai riƙa komawa GitHub duk lokacin da aka buɗe shi, kafin azahar an rufe maka ƙofa. Ka ɗauko sau ɗaya ka ajiye kusa, wannan hankali ne. Inda muka raba hanya shi ne a bar mai koyo yana zaton teburin gaban shago shi ne sito.

Wani ƙanina a sana'a ya bi irin wannan bidiyon sak. Mai bidiyon ya kashe ajiya a faifai, wai don gudu ya ƙaru, shi ma ya kashe. Ya haɗa wa wani kamfani allon rahoto, aka yi wata bakwai ana yabonsa. Ranar da aka sake kunna sabar, allon ya tashi wayam. Ya ce ba komai, ai zai sake ɗaukowa daga tushe. A nan ya gane cewa GitHub Actions, idan ba ka sauya saitin ba, kwana 90 yake riƙe cikakken rahoton gwaji da fayilolin da aikin ya fitar. Na watannin farko sun tafi. Ya rasa kwangilar, mai bidiyon kuwa ko labari bai ji ba.

Na san amsar da za a ba ni: "Malam, ai Redis yana ajiya a faifai." Gaskiya ne, hanya biyu ma. Ta farko, RDB, tana ɗaukar hoton bayanan ne lokaci zuwa lokaci. A saitin asali na Redis 7, bayan minti ɗaya ne idan an yi sauyi 10,000, bayan minti biyar idan 100 ne, bayan awa guda idan sauyin bai kai haka ba. Ƙaramin aiki irin namu, wanda sauyinsa kaɗan ne, zai iya rasa na kusan awa ɗaya idan sabar ta mutu kwatsam. Ta biyu, AOF, tana rubuta kowane sauyi a jere, kuma a yadda aka fi saita ta abin da za ka rasa bai wuce na daƙiƙa ɗaya ba. Amma a kashe take zuwa, sai ka rubuta appendonly yes da hannunka. A cikin bidiyon minti biyar ɗin nan, nawa ne suka ambaci wannan layin?

Sai maganar cika. RAM tsada gare shi, don haka kaɗan ake saya. Idan ka sa wa Redis iyaka kuma ya kai ta, ko dai ya ƙi karɓar sabon rubutu, ko kuma, idan ka kwafo saitin allkeys-lru kamar yadda ake yawan koyarwa, ya fara goge abin da aka daɗe ba a taɓa ba. Ba zai yi maka sallama ba. Tsohon tarihi, wanda ba a dubawa sai ranar da rigima ta tashi, shi zai fara tafiya.

Ku duba GitLab kansa. Yana amfani da Redis sosai wajen jerin ayyukan da ke jiran layi da ajiyar wucin gadi, amma ainihin bayanan masu amfani da shi suna cikin PostgreSQL, a kan faifai. Masu dandalin ba su damƙa wa RAM amanarsu ba, sai kai?

To ga abin da ya kamata a koyar, kuma ba shi da wuya:

1. Bayanan su fara sauka a rumbu mai faifai, kamar PostgreSQL. Daga nan a ɗebo wa Redis abin da ake bukata da gaggawa.
2. Duk abin da ka sa a Redis ka ba shi wa'adi, ya goge kansa a sake ɗebo sabo.
3. Ka sa kalmar sirri, kuma kar ka bar ƙofa ta 6379 a buɗe ga intanet. Masu kutse suna zagaye suna ƙwanƙwasa ta dare da rana.
4. Ka yi gwajin da kanka: kashe Redis ɗin gwaji, share shi, ka ga ko manhajarka za ta iya sake cika shi.

Na huɗun nan kar ka raina shi. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya goge kusan gigabait 300 daga babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar yawancin hanyoyin ba sa aiki, aka rasa bayanan kusan awa shida. Rumbu mai faifai ne fa, kuma ƙwararru ne ke tsaronsa. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba ka san ko kana da shi ba.

Masu koyarwa, don Allah ku ƙara minti biyu a bidiyonku ku faɗi wannan. Mabiya ba za su gudu ba. Kai kuma mai koyo, kafin ka kwafi saitin kowa, tambaye shi abu ɗaya: idan na kashe sabar nan yanzu na kunna, me zan tarar? Idan ya fara kame-kame, rufe bidiyon ka adana datarka.